Gurasar da Baba ya ƙi tsarkakewa

Bana shekara goma sha shida da rasuwar mahaifina, Malam Bulus, katikis ɗin ƙaramin cocinmu da ke gefen Saji. Har yau ban gama faɗa da shi a zuciyata ba.

A wurinmu 'yan Katolika, Misa hadaya ce, hadayar Almasihu a kan gicciye, kuma Fada, wato limamin coci, shi kaɗai ke miƙa ta. Katikis dai ya karanta Littafi, ya yi wa'azi, ya binne mamaci. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a hankula suka tashi, Fadan da ke zuwar mana daga Kano a babur ya yi wata bakwai bai leƙo mu ba. A cikin watannin nan ne ciwon mahaifiyata, Inna Saratu, ya yi tsanani. Ba ta nemi asibiti ba, jibin Ubangiji, gurasar da ake tsarkakewa a Misa, kawai take roƙo.

Alhaji Sule direba, maƙwabcinmu, sau biyu yana kai mana takarda Kano wurin Fada. Shiru kake ji. Ni na sayo gurasa a kasuwar Rano, matan zumuntar coci suka jiƙa zoɓo a madadin ruwan inabi, muka ajiye a tire a gaban Baba. Na ce masa ai ya haddace addu'ar tsarkakewar kaf, in babu ruwa ai a yi taimama. Ya daɗe yana duban tiren.

Ya ce, "Ba a shafe hannuna da mai kamar na Fada ba. In na faɗi kalmomin, gurasa ce dai za ta ci, ni kuma na yi mata ƙarya a bakin kabari."

Kwana huɗu bayan nan ta cika. Wallahi na yi shekara ba na cin abinci kwano ɗaya da shi.

Yau ga ni riƙe da mabuɗin cocin. Samari sun watse birni, tsofaffi suka rage, in na tafi an rufe ke nan. Yanzu akwai waya, amma Fada ɗaya ne ga ƙauyukan Rano da Kibiya, jiran bai ragu ba. Da Baba zai gani, na san cewa zai yi mu ci gaba da jira. Abin da ya bar mini ke nan: aikin da ba zan iya cika shi ba, ba kuma zan iya ajiye shi ba.

Shi kam Baba, da nasa ajalin ya zo, Fada ya iske shi da rai. Ya karɓi jibi yana hawaye, ya ce da ma Saratu aka bai wa.