Kyamarar Zubair Da Ba Ta Ƙara

Zubair Mai Hoto ba kyakkyawa ba ne, kuma ya san haka, shi ya sa ya zaɓi sana'ar tsayawa a bayan kyamara. Ni Fatu mai lalle, tun ina koyon zane nake karo da shi a gidajen biki, daga cikin garin Jibia har Daddara da Mazanya. Shagonsa na bakin hanyar Magama, inda direbobin Maraɗi ke leƙawa a yi musu hoton fasfo, ya kama haɓar mutum ya juya ta kamar mai tayin rago.

Tsohuwar kyamararsa baƙa ce, ƙatuwa, irin mai madubi a ciki. Idan ya danna, madubin ya ɗaga ya koma, sai ka ji ƙaras! Da wannan ƙarar muka saba. A wurinmu, in an jeru don hoto, kowa zai ƙame, ya haɗiye dariya, ya riƙe numfashi, ba mai motsi sai an ji ta.

Da samari masu manyan wayoyi suka fara cinye masa kasuwar biki, ƙauyen Riko ne kaɗai ya rage masa. Can akwai Malam Ummaru, dattijon wani babban gida, wanda ya ce ba za a ɗauki zuri'arsa da abin da ake kiran mai nama da shi ba. Duk inda ya nuna, nan ƙauyen ke bi. In Zubair ya rasa Riko, ya koma juya haɓar direbobi har ya tsufa.

Ana saura kaɗan bikin jikar Malam Ummaru, Zubair ya tsallaka Maraɗi sayen sabuwar kyamara. Mai kanti ya ajiye masa biyu. Ɗaya irin tasa ce, batirinta na daɗewa, amma da nauyi. Ɗayar ba madubi, ƙarama, tana gani ko a ɗakin amarya mai duhu, kuma ya saita ta ba ta ƙara ko kaɗan. Zubair ya ɗauki ƙaramar ya dawo yana ta cika baki wai ya shiga zamani. Na ce masa, "Kai Zubair, wannan ai ko tsoro ba ta ban ba." Ya ce in tsaya a kan lallena.

Ranar biki, bayan la'asar, aka jera mutan gida a tsakar gida. Malam Ummaru a tsakiya da babbar riga mai sitaci, matarsa Hauwa'u a gefe, 'ya'ya da jikoki a baya. Kowa ya ƙame. Zubair ya danna, ya sake dannawa, ya sauke kyamara ya ce an gama.

Ba wanda ya motsa. Ƙuda ya sauka a hancin wani kawun amarya ya yi zamansa. Wata gwaggo idonta ya fara hawaye don ta ƙi ƙiftawa. Ni da ke gefe da kwanon lalle, dariya ta kusa kashe ni.

Malam Ummaru ya yi magana ta tsakanin haƙora, haɓarsa a sama. "Yaro, mi kake jira? Ɗauka mana."

"Baba, ai na ɗauka."

"Ba mu ji komi ba."

Zubair ya matso ya nuna masa hoton a bayan kyamara. Tsohon ya duba, ya ɗaure fuska. "Wanga ba hoto ba ne, sata ce. Ka ɗauki mutum bai sani ba? Ko ɓarawo yakan yi motsi."

Aka sake jeruwa. Zubair ya ɓoye fuska a bayan kyamara, ya danna, ya yi ƙaras da bakinsa. Matsalar ita ce kyamarar ƙarama ce, ba ta rufe bakin ba, kowa ya ga leɓensa. Gida ya kece da dariya. Hauwa'u ta riƙe ciki, kallabinta ya zame, har tana dukan kafaɗar mijinta. Shi kuwa Zubair, don ruɗewa, yatsansa na kan maɓalli yana ta dannawa bai sani ba.

Malam Ummaru bai yi dariya ba. Ya ce a tashi. Zubair ya hau babur ya koma Jibia a guje ya ɗauko tsohuwar, aka yi hoton da ƙara kafin rana ta faɗi, amma tsohon ko sallamarsa bai amsa ba. Wallahi ranar na ji tausayinsa, duk da ni na fi kowa dariya.

Bayan biki, da aka ji cewa Zubair ya yini yana ɗaukar mutane da ƙaramar ba su sani ba, matan Riko suka riƙa zuwa shagon ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta ce a goge nata, wanda aka kama ta da loma a baki, sannan ta roƙi a nuna mata na maƙwabciyarta. Zubair kuwa hukuncin tsohon yake jira.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, ina shagon ina karɓar hotunan hannun amarya, sai ga Malam Ummaru. Zubair ya zube ya gaishe shi. Tsohon ya zauna ya ce a kawo hotunan satar, ya ga iyakar ɓarnar. Ya riƙa wucewa yana tsaki, har ya zo kan na Hauwa'u, baki buɗe, kallabi a karkace, hannunta a kafaɗarsa. Nan ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, har na fara jin kunya na juya kai.

"Akwai suna gidana wata mai kamawa," in ji shi. "Ka taho da mai ƙarar, don mutane su san an ɗauka."

"To, Baba."

Ya miƙe ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo ya rage murya. "Ka taho da ɓarauniyar ma. Wanga kuma ka wanke mini shi babba. Tun da na aure ta, ban taɓa samun hotonta tana dariya ba. Kada ka hwaɗa mata."