Kukan Fankar Kwamfutar Ɗiyata

Matso kusa, ja tabarmar nan, za ni ba ka labarin shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, shekarar da na gano ciwon kwamfuta alhali ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Riƙe dariyarka tukuna.

Mai kwamfutar ɗiyata ce ta fari. Ba za ka ji sunanta a bakina ba, ka san yadda muke da 'ya'yan fari: ba mu kiran suna, ba mu zama hira ido da ido. Ta yi karatu a Sakkwato, ta dawo nan gefen Unguwar Lalle, wata ƙungiya ta ɗauke ta aikin bin ƙauyuka tana rubuta rijiyoyin da sunka ƙafe. Duk abin da ta tattara yana cikin taswira a kwamfutar. Masu haƙa burtsatse kuwa sun sauka Isa da motarsu, sunka ce ranar Asabar za su fita, inda taswira ta nuna nan za su haƙa. In ba taswira, su bi tsohon jerinsu, wanda ba mu ciki, ba rugar Fulanin da ke bayanmu.

Kwamfutar tata ba irin ta kowa ba ce. Na ji tana yi wa babanta bayani cewa sauran mutane gari suke saye a niƙe, ita tata hatsi ake ba ta, ta surfa, ta daka, ta tankaɗe da kanta. Ranar Litinin ta hau babur zuwa Isa inda waya ke kamawa da kyau, ta kwaso sababbin kaya don sabunta ta. Rabi ya shiga, rabi ya ƙi. Shi ke nan taswira ta daina buɗewa, sai an sake dafa manhajarta tun daga tushe, aikin da ke cin awoyi.

Talata ta kunna da hantsi, lokacin da farantin sola ya fi ba da wuta, a ɗakinta mai rufin kwano, ta ɗora kwamfutar bisa matashin kai don tattali. Ina tsakar gida ina sussuka ina ji. Akwai 'yar fanka a cikinta. Da fari tana huci a hankali, sai kukan ya yi ta hawa har ya koma siriri kamar na sauro a bakin kunne, sai tsit. Daga nan sai tsakin yarinyar. Ranar nan kwamfutar ta kai har kiran azahar kafin ta mutu.

Laraba ma haka, amma ba ta kai azahar ba. Yarinyar ta ce wa babanta wani ƙunshi ne cikin kayan da ta kwaso ya zo a lalace, ta goge shi, ta koma Isa ta kwaso wani, ta dawo fuska duk ta faɗa. Ni kuwa a raina na ce a'a. Na riga na ji ta da bakinta tana cewa jiya wurin kaza ta tsaya, yau wani wuri daban. In hatsi ne ke da tsakuwa, ai wuri guda haƙori zai riƙa cin karo. Abin da bai sake ba ko sau ɗaya shi ne siririn kukan nan kafin tsit.

To ta yaya za ni faɗa mata? Uwa ta zauna gaban ɗiyar fari tana koya mata aikinta?

Allah ya kawo mai nono ranar Alhamis da safe, Bafillatar rugar bayanmu, ƙwaryarta ko rabi babu saboda shanu sun rame. Na zaunar da ita daidai tagar yarinyar, na ɗaga murya.

"Ke 'yar Fulani, in jakinki ya faɗi kullum da tsakar rana, yau nan gobe can, hanya za ki zaga ko rana?"

Ta ce, "Uwar gida, yaushe kika yi jaki? Akuya guda gare ki, ita ma sai ƙashi."

Na ce, "Ina da wani a ɗakin can, an toshe mishi hanci da matashi, an aza mishi kayan jakai huɗu, ana mamaki yana faɗuwa."

Wannan na kayan jakai huɗu ba ƙirƙira na yi ba. Na taɓa jin yarinyar tana alfahari cewa ta sa kwamfutar tana aiki huɗu lokaci guda don ta yi sauri.

Mai nono ta leƙa tagar, ta gane, ta ƙyalƙyale da dariya. "Yo a sauke mishi uku mana, a kai shi inuwa!"

Can sai ga yarinyar ta fito rungume da kwamfutar, kanta a ƙasa. Ba ta dube ni ba, ta ce wa mai nono, "Goggo, na duba, zafinta ya wuce kima. Ki tambayar mini, ko akwai wuri a gindin randa?"

Akwai. Ɗakina na laka ne da jinka, randar tana zaune cikin yashi mai sanyi. Munka jera duwatsun murhu uku bisa yashin, anka ɗora kwamfutar yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi, babanta ya jawo waya daga batir. Ta mayar da aikin guda ɗaya tal. Ta ce da wannan tafiyar hawainiya sai gobe da yamma, in ma ta ƙare. In ta sake mutuwa, babu sauran lokaci.

Ni ban ji tsoro ba, don na san muryar abin. Na ɗauko kaɗin audugata na zauna bakin ƙofa. Duk sa'ad da kukan ya soma sirancewa, sai in yayyafa wa yashin ƙasarin da na wanke gero, in ɗauki faifai in yi fifita har ya sauko. Ruwan sha ba a taɓa shi, shekarar jarka guda daga nesa ake ɗauko ta. Ƙasarin nan na akuyata ne, kwana biyu tana bina da harara tana kuka, na ce ta yi haƙuri, rijiya nike nema mata.

Juma'a bayan la'asar fankar ta yi shiru. Amma ba irin shirun da na sani ba, wanda ke zuwa kamar an shaƙe wuya. Wannan a hankali ya sauka, kamar numfashin wanda ya gama cin tuwo. Tun yarinyar ba ta taso daga inda take salla ba na ce wa akuya, "Je ki gaya wa mutane an gama."

Yarinyar ta zo ta danna, taswira ta buɗe, ga ɗigo-ɗigon rijiyoyi jajaye. Asabar da sassafe tana bisa babur zuwa Isa. Burtsatsen da kake gani tsakaninmu da ruga, inda mai nono ke shayar da maruƙanta, daga wannan taswirar ya fito.

Har yau yarinyar ba ta ce mini na gode ba, ni ma ban nema ba. Sai dai duk ranar da za ta sabunta kwamfutar, sai in ga ta shigo da ita ɗakina ta ajiye gindin randa, ta ce wa bango, "A dai riƙa saurara mini."

Kai da ke karanta abin da taka kwamfutar ke rubutawa, ka taɓa yin shiru ka ji kukanta?