Ɗigon da Baba Ya Gyara

Har yau in na ɗaga ido na ga farantin nan a saman kabad, sai gabana ya faɗi.

Lokacin ina digiri na biyu, aikina shi ne ƙera shimfiɗaɗɗen faranti na farar roba da ake sawa a bakin eriya, ya tattara siginal ɗin sadarwa na maikirowef wuri guda, kamar yadda gilashin tabarau ke tattara rana. Asirinsa a ƙofofin da ake huda masa yake: ƙanana a tsakiya, suna ƙara faɗi har baki, tazararsu kuma ba ɗaya ba. Injin huda na makaranta ya lalace, sai na kwaso farantin da takardar zanen ƙofofin na dawo gida Kusfa.

Baba maɗinkin babbar riga ne. Shekara da shekaru yana zana aska takwas a ƙirjin riga, hannunsa ba ya rawa. Ya karɓi takardar zanen ya jujjuya, ya ce, "Injiniya, wannan ne ya hana ka cin tuwo? Kawo in ɗiɗɗiga maka a jikin farantin, kai sai ka huda."

Kwana uku yana yi. Na huda duka ban auna ba, don wa zai auna aikin Baba? Muka gwada a makaranta, siginal ya watse. Da na sa ma'auni sai na gane: duk inda tazara ta yi masa muni, ya daidaita ta da ido, yadda yake yi in zane ya ƙi haɗuwa a wuyan riga.

Ni kuwa akwai zuciya. Na faɗa zaure bayan la'asar, abokan ɗinkinsa na zaune, ko gaisuwa ban gama ba na jefar da takardar na ce, "Haba Baba! Wa ya ce ka gyara? Wannan ba kwalliya ba ce, ilimi ne!"

Baba ya ɗago. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, Allah ya huci zuciyarka." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Na san dole in durƙusa in nemi gafara. Inna ta yi magana har ta gaji. Kullum sai in ce bari in gama gwaji tukuna, na ma koma makaranta na tare. Ina can aka kira ni ran wata Laraba, aka ce Baba ya rasu. Jana'izar ma da ƙyar na samu.

Bayan sadakar bakwai muka buɗe adakarsa. A ƙarƙashin zare akwai takardar nan, da wani farin ƙyalle da ya yanka daidai girman farantin, ya ɗiɗɗiga da tawada. Na ɗauko ma'auni na auna. Kowane ɗigo yana inda takarda ta ce, da muninsa da komai. Zagaye biyu na baki kawai suka rage.

Inna ta ce, "Kullum da hantsi yake yi. Cewa ya yi in ka zo gaishe shi zai ba ka."