Uwar Ye-rin da Harshen da Aka Hana Ta

Daga bakin mai kawo saƙo na fara jin sunanta. Ya tsaya da babur a ƙofar gidanmu na Uiseong, a ƙasar Koriya, riƙe da kwali mai warin busasshen kifi, yana kira, "Kolab! Akwai Kolab a nan?" Kaka ta ce ya yi ɓatan kai, babu mai wannan suna. Sai ga matar baffana ta fito daga rumfar tafarnuwa da gudu, tana goge hannu a wando. A lokacin ta daɗe a gidanmu, har cikinta ya tsufa, amma 'yar Kambodiya kowa ke ce mata. Da ta haihu ta koma uwar Ye-rin. Ni Inna Ƙarama nake kiranta, tunda matar ƙanen babana ce.

Ranar da aka dawo da jaririyar daga asibiti, Kaka ta ji tana yi mata waƙa da harshensu.

"Ke, bar wannan," in ji Kaka. "Ɗan gidan Choe harshe biyu aka ɗura masa, ya shiga makaranta baki a harɗe, yara na yi masa dariya. Jikata Koriyanci kaɗai za ta ji."

Baffa Man-ho mutumin kirki ne, amma bai taɓa yi wa uwarsa musu ba. Inna Ƙarama ma ba ta yi gardama ba, don ita ma tsoron a yi wa 'yarta dariya take ji. Ta daina waƙar. Abin da ya rage mata na yi wa jaririya magana shi ne ɗan Koriyancin da take da shi: ci, zo, kwanta, bari.

Ta kama koyo kamar mai neman ceton rai. Tana hawa motar safe zuwa aji a cikin gari, ta dawo ta wuce gona. Tana ɓare tafarnuwa tana maimaita abin da 'yan talabijin ke faɗa. Sai dai da zarar lokacin haƙar tafarnuwa ya zo, aji ya tashi ke nan, domin hannu ake buƙata. In ta koma, 'yan ajin sun yi nisa, a mayar da ita farko. Haka ta yi ta komawa farko shekara bayan shekara.

Mafi yawan abin da ta iya a bakin Kaka ta tsince shi. Ranar haɗa kimchi na hunturu, wato kabejin da ake tsumawa da yaji, mata sun kewaye tulin kabeji, Inna Ƙarama ta miƙe ta dafa ƙugu ta yi nishi da irin kalaman tsofaffin ƙauye. Aka fashe da dariya.

"Ku ji mini yarinya da bakin mai furfura!" in ji matar gidan Choe. "Uwar Man-ho, kin haifi ƙanwarki ba mu sani ba?"

"Aƙalla tawa surukar tana magana," Kaka ta mayar mata. "Taki fa, sai harara."

Inna Ƙarama ta taya su dariyar, ko da yake rabin zancen ya wuce ta.

Ye-rin kuwa ta tashi da Koriyanci tas, kamar yadda Kaka ta so. Kafin ta gama firamare ta bar uwarta a baya. Ta dawo daga makaranta da labari a baki, ta fara zubawa, uwar ta ce, "A hankali, sake faɗa." Ta sake. A na uku sai ta ce, "Bar shi kawai, Mama," ta shige ɗaki. Yanzu ta shiga sakandare, amsarta i ce ko a'a.

Bara mahaifiyar Inna Ƙarama ta kwanta ciwon ajali a Kambodiya. Aka kira ta a waya mai hoto, tsohuwar ta ce a nuna mata jikarta. Ina wurin. Ta daɗe tana magana, tana numfashi da ƙyar, tana ɗaga hannu kamar mai shafa kan yarinya. Ye-rin ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Ta dubi uwarta.

Inna Ƙarama ce za ta fassara mata. Na ga tana laluben kalmomi, ba ta samu ba.

"Ta ce ki riƙa cin abinci sosai."

"Duk wannan dogon zancen, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Bayan an kashe wayar na same ta a rumfar tafarnuwa, tana ɓarewa, alhali babu wanda ya sa ta. Ta ce albarka ce tsohuwar ta sa, da sunayen kakanni, da labarin kogin da ke bayan gidansu. Duk ta ji, amma ba ta da Koriyancin da zai ɗauke su.

"Bo-ram," ta ce mini, "ke ce ba kya manta komai a gidan nan. Ina koyo, amma Ye-rin ta fi ni sauri, ba zan cim mata ba. Idan ta girma, ki gaya mata uwarta ba mai gajeren zance ba ce. A garinmu roƙona ake yi in yi shiru. Ki gaya mata na iya ba da dariya."