Burukutun Kaneng a Cikin Kwalba

Kaneng ba matsoraciya ba ce. Shekara da shekaru tana aikin kula da tsofaffi a nan Landan, ta ɗaga wanda ya fi ta nauyi, ta rufe idon wanda 'ya'yansa suka makara a hanya. Ni Damaris, da muke zaune gida ɗaya da ita a unguwar Deptford tun zuwanmu daga Jos, ban taɓa ganin ta firgita ba sai wata Asabar a cikin sanyin bara.

Mahaifiyarta mai dafa burukutu ce a ƙauyensu, don haka a bakin tukunya Kaneng ta tashi. Da ta ga dawa a wani shagon 'yan Afirka a kasuwar Deptford, sai tsohon hali ya motsa. Ta jiƙa, ta shanya a ƙarƙashin gado har ta yi tsiro, ta niƙa, ta dafa, ta tace. Gidanmu ya ɗauki wari har maƙwabciyarmu Hajiya Fausia, 'yar Kumasi, ta leƙo tana toshe hanci, ta ce, “Kaneng, wani abu ya mutu a ɗakinka ne?” Amma gaskiya abin ya yi daɗi. Wanda duk ya kurɓa sai ya tuna gida.

A gida ba a rufe wa burukutu baki. Yana cikin tukunya a buɗe yana ta kumfa, a ɗebo a ƙwarya a sha, kafin ya kwana biyu an ga bayansa. To, Landan ba ƙauye ba ce. Mutanenmu a warwatse suke, kuma ba mai shiga jirgin ƙasa da tukunya a kai. Sai Kaneng ta sayo abin matse murfi, ta tattaro tsofaffin kwalaben giya, ta ɗauraye su sama-sama a bakin famfo, ta cika su da burukutu yana kan tashi, ta matse gam. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta raba wa mutane, tana ta washe baki kamar wadda ta aurar da 'ya.

Asabar da safe muna shan shayi, sai muka ji tas! daga kicin. Na rantse na ɗauka bindiga ce. Kwalbar da ta rage mana ce ta fashe a cikin kabad. Ƙofar kabad ɗin ta wangale, kumfa na gangarowa, ga wani gilashi mai tsawon yatsa ya kafe a jikin katako. Warin kuma ba irin na ranar farko ba ne, ya yi tsami har yana hawa kai.

Kaneng ta tsura wa gilashin ido. Ta ce, “Da ransa na rufe shi, Damaris. Kuma kwalaben ban wanke su da kyau ba, wani abu ya shiga yana ta ci. Duk wadda na bayar haka take.”

Muka hau kiran waɗanda ta raba wa kwalaben a waya. Hosea ya ce ya shanye tasa tun ranar. Bernard ya ce tasa na cikin firji, ta ce ya lulluɓe ta da tawul ya kai waje, kada ya girgiza. Kowa ya ɗauka, ban da Baba Mordecai.

Baba Mordecai tsohon direban bas ne, shi kaɗai yake zaune a unguwar Stratford tun rasuwar matarsa. Ciwo ya cinye masa ido ɗaya, ɗayan ma saura kaɗan, shi ya sa duk abin da zai duba sai ya kawo shi daf da fuska. Ga shi ba ya jure sanyi, hitar ɗakinsa ba ta hutawa. Wayarsa ta yi ta ringi ba amsa.

Ban san yadda muka isa tasha ba. A cikin jirgi Kaneng ta ƙi zama, tana riƙe da bargon da ta fizgo daga kan gado, tana sake kira. Kowace tasha sai jirgin ya tsaya ya buɗe ƙofa a hankali, raina kamar ya fita don haushi. Ta ce, “Idan idon nan ya tafi, ni na cire shi.” Na ce ta daina faɗin haka.

Ƙofarsa ba a kulle take ba. Muka tarar da shi zaune a kujera kusa da hita, rediyo na ta surutu, ga kwalbar a hannunsa. Ya ɗaga ta wajen hasken taga, bakinta kusan na taɓa girarsa. Murfin ya kumbura.

“Wane ne?”

“Ni ce, Baba, Kaneng.” Muryarta ta fito a sanyaye, irin wadda take yi wa marasa lafiya. “Kada ka motsa, Baba. Don Allah sauke ta a hankali.”

“Ah, 'yata! Na ga missed call, ban iya danna abin ba. Kin ga yadda garin dawar ya kwanta a ƙasan kwalbar? In na ɗan juya ta sai ya tashi, ya yi kyau...”

“Baba, kada ka juya!”

Ya tsaya, ransa ya ɗan sosu. “To ai ba sha zan yi ba. Na ajiye wa Obadiah ne, ya ce zai zo weekend ɗin nan.” Obadiah ɗansa ne, kuma dukanmu mun san ya daɗe yana cewa zai zo.

Kaneng ta matsa a durƙushe, ta shiga tsakanin kwalbar da fuskarsa, ta lulluɓe hannunsa da bargon. “Saki, Baba. Zan dafa maka wani, ku sha da shi a ƙwarya.” Sai ya saki.

Ta nufi banɗaki tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ta ajiye kwalbar a bahon wanka, ta ja ƙofa. Ba ta gama sakin hannun ƙofar ba muka ji ƙarar. Gilashi ya watsu a bango, wani ya sulalo ta ƙarƙashin ƙofa ya tsaya kusa da ƙafarta.

Na kashe rediyon. Baba Mordecai ya ɗaga hannu a hankali ya rufe idonsa mai gani.

“Kullum da safe nake duba ta,” ya ce. “A nan.”

Kaneng ta zame ta zauna a ƙasa, ta kifa kai a gwiwarsa, ta fashe da kuka. Tsohon ya laluba da ɗaya hannun har ya sami kanta ya dafa.