Kuben Wuƙar Babana

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, har jikokina sai na kira suna uku kafin in faɗa kan wanda nake nema, amma maganar kuben nan ba za ta fita raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. An yi ta ne damina biyu bayan an yanke mu daga Sakkwato an ce Birnin Kebbi ce babban birninmu, shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama tun ba ta nuna ba, kuma shekarar da 'yar autata ta yi haihuwar fari.

Ni mutuniyar Argungu ce, ɗiyar masunta. Kifi nake gyarawa ina banda tun ban iya ɗaura zani da kyau ba, kuma duk wanda ya ci bandata a lokacin ya san ba ni da ta biyu. Wuƙar da nake aiki da ita ta babana ce. Biyu ne, maƙeri ɗaya ya ƙera su rana ɗaya, da ƙota iri ɗaya ta ƙahon sa. Da baba ya ji jikinsa ya ƙi, ya ba yayana ɗaya ya ba ni ɗaya, ya ce mana wuƙar gidanmu ba ta kwana a gidan wani. Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Yayana ya bar ruwa ya kama tuƙin mota, tasa ta shiga akwati ta kwanta. Tawa kuwa kullum tana ƙuguna, kullum tana kan dutsen washi.

To, kuben da na gada da ita ya mutu, bakinsa ya yage, tsinin ya fara leƙowa ta ƙasa. Badukun da muka saba da shi a Argungu ya rasu. A lokacin ina kai banda Birnin Kebbi duk mako, don ma'aikata sun cika gari da iyalansu, sai wata mai saye a wurina ta ce akwai wani baduku a unguwar Nasarawa, ko daga Sakkwato ana aiko masa da aiki.

Na same shi a rumfarsa, siriri ne mai furfura a gemu, ya tanƙwashe ƙafa yana huda fata. Da ya ga tsagar Kabawa a fuskata sai ya fara dariya, ya ce shi asalinsa Bakatsine ne, yau Allah ya kawo masa baiwarsa har gida. Na rama, na ce ban taɓa ganin ubangijin da ke warin jima ba. Da muka gama wasan nan na Kabawa da Katsinawa na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ban zare wuƙar ba, ƙotar kawai na nuna masa daga bakin zani. Ya ce shi ba ya aiki da awo. Fatar yake jiƙawa ya naɗe ta a jikin wuƙar, ya ɗinke, ya bar su tare kwana uku har ta bushe ta kama siffar ƙarfen. Sannan ya ƙara da cewa, "Ki bar ta, Inna. In ta yi mini kyau kuwa shi ke nan, kayan Bakaba halas ne ga Bakatsine."

Wasa yake yi, yau na sani. Amma a ranar maganar ta tsaya mini a ƙirji. Na dubi bangon rumfar, ga wuƙaƙen mutane rataye rututu, na ce a raina wa ya san nawa ne masu su suka haƙura suka bar masa. Kuma ban yarda in gaya masa dokar babana ba, don na ɗauka da ya ji zai ce wuƙar tana da asiri, kwaɗayinsa ya ƙaru. Na ce masa zan kawo ta mako mai zuwa.

Abin da na yi shi ne na je wurin matar yayana, mijinta yana kan hanya, na ce ta ara mini ta cikin akwati. Na gaya wa kaina wuƙar da ta bar aiki doka ta sauka daga kanta. Ka ji wayon banza. Ita na kai wa baduku, na dawo gida ina jin na fi Bakatsine dabara.

Da na koma karɓa, na tarar da wani mutumin ofis da babbar riga yana karɓar kube har uku, yana juya su yana yabawa. Nawa ma ya yi kyau, ja ne da zane baƙi a baki, ɗinkin kamar ba hannu ya yi ba. Ina isa Argungu na mayar da wuƙar aro, na zura tawa. Ta shige lumus, ba ta taɓa ko'ina ba. Na girgiza na ji tana kaɗawa a ciki, na kifa kuben ta zube ƙasa.

Ko kusa ban kawo laifina a rai ba. Mutumin ofis ɗin nan ne ya faɗo mini. Na ce lallai ya ga nawa ya fi kyau ya ɗauke, baduku ya ba ni na wani don ya ga 'yar ƙauye mai warin hayaƙi. Mako guda ina dafa wannan magana a cikina, har na ba maƙwabta labari kamar a gabana aka yi.

Ranar da na koma ko kwandon bandata ban sauke ba. Na jefa masa kuben a kan tabarma gaban mutane, na ce ya fito mini da nawa, wanda ya sayar wa mai babbar riga. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauka ya duba, ya zura yatsa ciki, ya ce wannan aikinsa ne kuma nawa ne, in ba shi wuƙar ya gani. Fushi ya sa na zaro ta na miƙa masa. Ya daɗe yana kallonta, ya shafa bayanta da babban yatsa, sannan ya ɗago.

"Inna, wagga wuƙa ba ta taɓa kwana rumfata ba."

Na ce ita ce, rantsuwa ce kawai ban yi ba. Ya ce wadda na kawo faɗinta yatsa uku ne, wannan da kyar ta kai biyu, washi ya cinye ta, kuma jiƙaƙƙiyar fata abin da aka sa mata shi take kamawa. Nan take na gane. Da ni mai sauƙin kai ce da na ce haka ne. Ya ma ba ni hanya, ya ce in bar ta kwana uku ya warware ɗinkin ya matse shi. Amma ni daɗewar da ya yi yana shafa ta kawai nake tunawa. Na ce dama inda zai biyo ke nan. Na karɓe kayana na fita, ina jin masu zaman rumfar suna dariya ƙasa-ƙasa.

A gida na cusa tsumma cikin kuben, wuƙar ta ɗan tsaya. Haka na yi ta fama har ruwa ya cika gulbi. Wata safiya na shiga jirgi zan haye in sayi kifi a hannun masunta. Muna tsakiyar ruwa jirgin ya karkata, na sunkuya in tare kwandona. Ban ji fitarta ba, ƙyallinta kawai na gani, sai ruwa ya rufe. 'Yan'uwana masunta sun yi nutso har rana ta take, laka kawai suke fitowa da ita. Na zauna a bakin gaɓa da kube a ƙugu, tsumman yana ciki.

Na fi wata biyu ina kauce wa Nasarawa. Ranar da na je, na gaya masa komai, har dokar babana. Bai yi mini wasan Katsinawa ba ranar. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Mi ya hana ki faɗa min tun farko? Ai da na naɗe ta da ɗanyar fatar na ɗinke kina zaune, ki tafi da su gida tare su bushe ƙarƙashin gadonki."



Badukun ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, yayana ma haka. Cikin waɗanda suka san zancen nan saura ni da matar yayana, ita ma ba ta gani sosai, sai ɗaya daga masu nutson da yanzu sai an ɗaga shi. Abin da na koya shi ne, in ka kai aiki wurin mai sana'a, ka gaya masa damuwarka yadda take, ko da kana jin nauyi. Ni na ɓoye tawa don kada a cuce ni, kuma ba wanda ya taɓa mini wuƙata, da hannuna na kai ta gulbi.