Gonar da Inna Ta Zaɓa

Ranar da aka zo rabon gadon mahaifinmu a Fassi, Inna ta ba kowa mamaki. Malamin da zai raba ya zauna a zaure tare da yayyena maza, mu mata muna daga cikin soro muna saurare. Gonaki huɗu Baba ya bari. Uku suna da kyau, ta huɗun kuwa, wadda muke kira gonar tudu, ta daɗe da mutuwa. Ƙasarta ta yi fari, kuma wuta-wuta ta cinye ta, ciyawar nan mai jan fure da ke kama saiwar dawa ta shanye ta tun kafin ta fitar da kai.

Malam ya ce za a fitar wa Inna tumuninta daga gonar fadama, tunda ita ce mafi albarka. Sai muka ji muryarta daga bayan labule.

"Malam, in babu laifi a shari'a, a ba ni a gonar tudu."

"Hajiya, ko kin san halin da gonar nan take ciki?"

"Na sani. Da ita na ciyar da yaran nan shekara da shekaru, ba mu taɓa mayar mata da komai ba. Ita nake so."

Babban yayanmu bai ji daɗi ba. Masu tifa sun riga sun yi masa magana, suna son haƙar burji a wurin. Ya shigo ya durƙusa a gabanta yana ba ta baki. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda shi ne ɗan fari, ko kallonsa sosai ba ta yi. Ta juya fuskarta wajen bango ta ce, "Ku gaya wa wancan, ramin da za su bari ba ya cikuwa. Ni kuwa ina da sauran ƙarfi."

A lokacin ta haura sittin. Ni kuma ina aure a Rano, nakan zo duk bayan mako biyu a kan babur, don haka da idona na ga yawancin abin da ya biyo baya.

Da kaka ta yi, ta ɗauki sandarta ta tafi wata ruga kusa da Nariya, wurin wata Bafulatana da ta daɗe tana kawo mana nono. Goggo muke ce mata. Na raka ta ranar. Suka gaisa da Fulatanci, Inna tana ta kwaɓa shi, Goggo tana dariya. Daga nan Inna ta faɗi abin da ya kawo ta: tana son shanunsu su zauna a gonar tudu duk rani, ita kuma za ta ba su karan dawa da harawar gidanmu. Mijin Goggo ya ce wurin ya yi nisa da ruwa. Inna ta ce akwai tsohuwar rijiya a gefen gonar, za ta sa a yashe ta. Ta kuwa sa aka yashe kafin mako ya zagayo. Shanu suka zo.

Damina ta farko gyaɗa kawai ta shuka, don wuta-wuta ba ta kama gyaɗa. Ta biyu ma haka, ta haɗa da wake. Ƙasar ta fara yin duhu. A shekara ta uku sai Inna ta ga kamar lokaci ya yi, ta shuka dawa a gonar gaba ɗaya.

Dawar ta tashi kore shar. Inna takan aiko mini da saƙo cewa in zo in gani. Da na samu zuwa a tsakiyar damina, sai na tarar da ita zaune a gindin ɗorawar da ke bakin gonar, ta zuba tagumi. Na waiga. Daga wannan iyaka zuwa waccan, wuta-wuta ce ta fito a gindin kowace shuka, wasu har sun fara fure. Dawar ta tsaya iya gwiwa, ganyenta ya yi rawaya.

Na zauna kusa da ita. Wasu mutane suka wuce a kan keke, ɗayansu ya ce, "Sannu Hajiya, an samu fure!" Suka yi gaba suna dariya.

Can Inna ta ce, "Ni na yi gaggawa. Ba laifin gonar ba ne."

"Inna, ko dai a haƙura? Kin yi iya yinki."

"Ke, tashi. Kin ga furen nan? In ya bushe ya zubar da 'ya'ya, aikin shekara uku ya tafi a banza. Kwana nawa ne? Bai fi bakwai ba."

A garinmu matan aure ba su cika zuwa gona ba, sai tsofaffi. Amma a ranar Inna ta bi gidajen 'ya'yanta da na surukanta ɗaya bayan ɗaya, ta nemi izinin mazajenmu da bakinta. Mijina ta kira shi a waya, ta ce, "Malam, aron matarka nake yi kwana huɗu." Babu wanda ya iya ce mata a'a. Washegari da sassafe mu tara muka shiga gonar, har da Goggo da 'yarta, waɗanda ba wanda ya kira su. Muna tugewa da hannu, muna zubawa a buhu don kada iri ya zube, ana kaiwa bakin hanya ana ƙonawa. Bayana ya riƙe tun ranar farko. Inna tana gabanmu a sunkuye, ba ta hira, ba ta ɗagowa sai lokacin salla.

A rana ta uku babban yayanmu ya zo ya tsaya a bakin gona yana kallo. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗauki buhu ya kama kunya ɗaya. Inna ta gan shi sarai. Da aka kawo fura sai ta ce da ni, "Miƙa wa wancan tukuna."

Ba mu samu ko dami ɗaya ba a shekarar. Inna ta koma gyaɗa da waken suya har damina uku a jere, shanu suna zuwa kowane rani. Ta daina ba kowa labarin gonar. In an tambaye ta sai ta ce, "Tana nan." A tsakanin nan gwiwoyinta suka lalace, har ta kai sai a amalanke ake kai ta. Takan zauna a kan tabarma ta riƙa nuni da sanda, tana cewa ga ciyawa can an tsallake.

A damina ta bakwai ta yarda aka shuka dawa, amma layi biyu na gyaɗa tsakanin kowane layi. Wuta-wuta ta fito jefi-jefi, aka tuge. Dawar ta wuce tsayin mutum, kawunanta suka sunkuyo don nauyi. Ranar girbi amalanke ya yi ta sawu zuwa gida har la'asar. Inna ta sa aka fitar da zakka a nan cikin gona, aka kai dami biyu ruga, aka aika wa kowace 'ya da suruka da ta taya tuge wuta-wuta rabonta. Har mutumin nan mai keke ta aika wa, ba tare da wani saƙo ba.

Ta ga girbi biyu bayan wannan. A ciwonta na ƙarshe ni na yi jinyarta a Kibiya, gidan ƙanwata. Wata safiya ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta tambaye ni ko an yi ruwan shuka. Na ce an yi jiya. Ta ce bana shekarar gyaɗa ce a gonar tudu, kada kowa ya kuskura ya sa dawa don ya ga ta kwanta. Na ce to. Ta ce in kira yanzu in faɗa, tana ji. Na ɗauki waya na kira yayanmu, na faɗa masa kamar yadda ta ce, ya amsa da to. Sai ta gyara kwanciya, ta ce in kawo mata kunu.

Bayan kwana tara Allah ya karɓi abarsa. Gyaɗa muka shuka.